Ga ƙannena da za a tura ƙauye su horar da ma'aikatan lafiya

Ku 'yan Aboabo da Asawase da Sabon Zango da kuka gama makarantar jinya ko ta ungozoma, wata rana za a kira ɗayanku a ce ya je wani asibitin karkara ya horar da ma'aikata. Ku karɓa. Amma ku sani, abin da kuka saba gani a babban asibitin Komfo Anokye ba shi za ku tarar ba. A nan Kumasi idan haihuwa ta zo da gardama akwai likita, akwai ɗakin tiyata, akwai jini a ajiye. A can kuwa nas ɗaya ce ko biyu da fitilar waya, sai mai babur da za a taso daga barci in ta kama a tura mace gaba. Tun da Ghana ta ɗauki tsarin CHPS na kai kiwon lafiya har cikin ƙauyuka, wanda aka fara gwadawa a Navrongo a shekarun 1990, irin waɗannan nas-nas ɗin da ke zaune cikin jama'a su ne ke fara taɓa mara lafiya.

Da na fara wannan aiki, sunaye nake nema daga ofis. Sai a tara mini shugabannin sashe a zaure, tunda akwai kuɗin zama da shinkafar rana. Waɗanda suka kwana a ɗakin haihuwa suna gida suna ramuwar barci, wasu kuma suna riƙe da marasa lafiya. Mu yi darasi, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, in dawo ina ganin na yi aiki. Ku kada ku nemi sunaye, ku nemi jadawalin aiki. Wanda sunansa ke kan aikin dare shi ne ɗalibinku, ko da mai shara ce da ke riƙe wa ungozoma fitila.

Kuma ku rage surutu. Kusan jariri 1 cikin 10 yana buƙatar taimako kafin ya fara numfashi, minti ɗaya ne kuma a hannunku: a goge shi da busasshen zane, a murza bayansa, in bai yi kuka ba a ɗora masa robar hura iska, kamar sau 40 a minti, ido na kan ƙirjinsa a ga yana ɗagawa. Na sha bayyana wannan da Turanci mai daɗi kowa na gyaɗa kai. Ranar da na miƙa musu 'yar tsanar gwaji mai siffar jariri na ce bismillah, iska ta gefen kumatu take zurarewa, ƙirji ko motsi. Ba a koyon tuƙin tuwo da kunne. Kowa ya riƙe robar da hannunsa har ya iya, a ɗakin da zai yi aikin, da kayan da ke wurin. A nan na gano robar tasu tana kulle a sito, makulli kuma yana aljihun mai sito da ke tashi da la'asar. Wannan ba ya cikin kowane littafi, sai kun buɗe durowa da kanku.

Haka allurar oksitosin da ake yi wa mace da zarar ta haihu don tare zubar jini. Sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na koyar da yadda ake yin ta ban tambayi inda ake ajiye ta ba, ashe tana kan tebur cikin zafin watan Maris. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun yarda a ajiye ta a firijin allurar rigakafi, in dai an ware ta da alama. Ku faɗa wa mai kula da firijin, don sau da yawa shi ne ke hanawa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne lamarin wata dattijuwar ungozoma da na gyara wa aiki a gaban mai naƙuda. Ba ta tanka ba, amma daga ranar ɗakin ya daina saurarona, kuma da gaskiyarsu. Ta fara karɓar haihuwa ina makarantar allo. Ita ta san gidan da ba za a bari a fita da mace ba sai maigida ya dawo daga gona, da wanda za a aika ya lallashe shi. Ku ja irinta gefe, ku ce, "Mma, idan jini ya ƙi tsayawa, yaya kike yi?" Ku ji nata tukuna, sannan ku kawo naku. In ta karɓa, ita za ta koya wa sauran da Twi ko Dagbani ko Hausa, yadda zai shiga.

Kafin ku hau mota, ku bar musu 'yar tsanar, ku ɗora wa mutum ɗaya nauyin maimaita gwajin na 'yan mintoci duk lokacin da masu aikin dare ke miƙa wa na safe. Ku karɓi lambarsa. Bayan wata guda ku kira, ku tambaye shi inda robar take a daidai wannan lokacin, kuma wa ya taɓa ta a makon nan.