Ranar da laftof ɗina ya ƙi gane ni

Ƙannena masu laftof ɗin tokunbo, ku matso ku ji wautar da na tafka ko wani zai tsira.

Ni sana'ata buga takardu ce a nan Agege, katin ɗaurin aure, rasit na 'yan kasuwar Mile 12, takardar haya, irin waɗannan dai. Shekarun baya shayi ya kife min a kan kibod, na shanya shi, duk maɓallan suka farfaɗo banda B. To Hausa kuma in ba B ai an gama magana, ba, babu, biki, bismillah, ina za ka kai su? Maimakon in canza kibod ɗin rowa ta hana, sai na sauke wata 'yar manhaja SharpKeys na mayar da Caps Lock ya koma B tunda dama ba abin da yake tsinana min. Ya yi aiki kuwa, ɗan yatsana ya saba har na manta na taɓa yin wani abu, kuma ban rubuta a ko'ina ba.

Da Microsoft suka daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 sai hankalina ya tashi, na hau danfo zuwa Computer Village a Ikeja a sa min Windows 11. Yaron da ya yi aikin ya ce gara a yi fomat a wanke komai, na ce to, ya kwashe min fayil-fayil a filasha. Wajen sa fasiwod ya jona kibod ɗinsa na tebur na buga wanda na saba da shi, akwai b a ciki akwai @, ya shiga lafiya lau, na biya na kama hanya.

Da dare na buɗe zan ƙarasa katin wani Alhaji da za a ɗaura auren 'yarsa ranar Juma'a, fasiwod ya ce bai san zancen ba. Na sake, na sake, wlh ya fi sau goma. Ga gargaɗi nan a ƙasan akwatin yana ce min Caps Lock a kunne yake amma idona ya rufe, ni dai na riga na yanke cewa yaron nan ya cuce ni, har na kira shi na zazzaga masa masifa, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri alhali bai yi komai ba. Ashe duk sanda na danna "B" ɗina, b ba ta fita, sauran haruffan kuma su koma manya. Ƙanen matata ne ɗan sakandare ya leƙo ya ce, "Yaya, ka danna ɗan mutum-mutumin can na ƙasa ta dama mana, akwai kibod na kan allo." Na bi da linzami harafi-harafi, sai ga shi ya buɗe. Kunya kamar in nutse.

Abin da ban gane ba a da, SharpKeys ba a cikin kibod yake canza komai ba, rubutu yake yi a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, a wani wuri da ake kira Scancode Map, fomat kuma da shi yake tafiya, filasha ba ta ɗauko shi. Ita kuma @ matsalarta daban. Laftof ɗina na Ingila ne, a tsarinsu @ tana kusa da Enter, yaron kuma ya sa min tsarin Amurka inda take kan lamba 2, shi ya sa in na danna inda aka zana ta sai alamar " ta fito. Ku duba naku tun yanzu, in kun ga £ a kan lamba 3 to na Ingila ne, ku faɗa wa mai gyara kafin ya fara.

Ban daddara ba fa, washegari na sa PowerToys, wata manhajar da ita ma ke sauya maɓalli, saboda an ce na Microsoft ne ya fi tsafta. Yana da kyau ba laifi, har haɗin maɓalli biyu yana canzawa, sai dai ba ya tashi sai ka riga ka shiga, ke nan a bakin ƙofa wajen fasiwod B ɗina tana nan a mace. In maɓallin da ya mutu ne za ku maye, ku bi ta rajista da SharpKeys ku kashe laftof ɗin ku kunna. Kuma don Allah duk canjin da kuka yi ku ɗauke shi hoto da waya a take, sannan kar ku yarda harafin da kuka yi wa dabara ya shiga fasiwod.

Su ƙ da ɗ da ɓ ma sai da na koma saitin harshe na ƙara kibod ɗin Hausa, in ana son sauyawa a danna maɓallin Windows da Space tare, wannan kam minti biyu ne.

Katin Alhaji ya fita ranar Alhamis da yamma. Yaron Ikeja na tura masa kati na waya na ba shi haƙuri, ya ce in kawo a canza kibod ɗin gaba ɗaya in huta, na ce sai wata ya ƙare.