Asabar huɗu a jikin jirgin faiba: ga inda na kai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon aikin goge jirgin ruwa. Na ɗauki alkawarin zan ba ku labarin jirgin nan da na ɗauko daga garin Ada Foah a nan Ghana, to ga shi. Yau Asabar huɗu ke nan ina kansa. Gefen dama ya kammala, na hagu saura kaki, cikinsa kuwa ko taɓawa ban yi ba tukuna.

Jirgin ruwa ne na faiba, wato na zaren gilas, mai tsawon mita 5, sama fari, ƙasa shuɗi. Ya daɗe a ɗaure a bakin Volta, daidai inda kogin ke shiga teku, ruwan wurin kuwa gauraye yake da gishiri. Mun ɗora shi a tirela muka biyo ta Kasseh da Tema, tafiyar sama da kilomita 100, muka sauke shi a filin kawuna a unguwar Madina ta Ankara, wato Accra, don a lungunmu na Nima ko amalanke sai da dabara take wucewa. Ranar da muka iso na shafa tafina a kan shuɗin, hannun ya fito da farin gari kamar na goge allon makaranta. Kawu ya dubi hannun ya ce, "Ɗana, wannan sai fenti." Ni ma abin da na zata ke nan, don haka muka saba gani a Jamestown da Chorkor, inda kwalekwalen masunta na itacen wawa ne, idan launi ya koɗe sai a sake shafa wani. Ashe shi wannan tun asali babu fenti a jikinsa.

Launin jirgin faiba yana cikin wata fata ta waje da ake kira jelkot. Ita ake fara fesawa a cikin mazubin da ake ƙera jirgin, sannan a shimfiɗa zaren gilas da danƙon rezin a bayanta. Kaurinta duka kusan rabin milimita ne. Rana ce ke cin samanta a hankali har ya mutu ya zama gari, garin da ya fito a hannuna ke nan. A ƙarƙashinsa launin yana nan da ransa. Aikin gogewa gaba ɗaya shi ne a cire mataccen ba tare da an cinye mai ran ba. Da na fahimci haka tun farko, da ban yi asarar da zan faɗa muku ba.

Asabar ta farko wanki na yi. Jarka shida ta lita 25, bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da soso ya kwaso ya koma jikin jirgin. Na fara daga sama na gangaro. 'Yan halittun nan masu ƙwanso da ke manne a ƙasan jirgi, da makankarin roba na kankare su, ƙarfe zai bar zane. Sai wani layi ruwan ƙasa da ya zagaye jirgin daidai inda ruwa ke tsayawa, da tsatsar da ta zubo daga ƙusoshin baya. Sabulu bai yi musu komai ba. Asid na okzalik ne maganinsu: na jiƙa garin a ruwan ɗumi, na shafa, na ba shi 'yan mintoci, layin ya ɓace ina kallo, na ɗauraye da ruwa mai yawa. Ku sa safar hannu da tabarau, ku rufe ƙarfen tirela da leda don asid ɗin yana ɓata shi. Kuma don Allah kada wanda ya haɗa shi da bilic, ko a bokiti ko a jikin jirgin. Haɗuwar asid da bilic tana tayar da iskar kulorin, ita kuwa huhu take kamawa.

A ranar ne gaggawa ta ɗebe ni. Jirgi ya bushe, ina son ganin sheƙi, sai na buɗe gwangwanin kaki na shafa wa kusan rabin gefen dama. Da yamma ya yi kyau har yaran unguwa suka taru. Ranar Laraba da na leƙo, ya koma dishi-dishi, ga dabbare-dabbare ko'ina. Mataccen jelkot kamar busasshiyar ƙasa yake, ya shanye kakin ya bar ni da tabo. Kusan rabin gwangwani ya tafi a banza, kuma sai da na sake wanke wurin da sabulun wanke kwano don in cire abin da na shafa. Kaki ba ya kawo sheƙi, tsare wanda aka riga aka samu yake yi.

Daga nan na nufi Abossey Okai, wurin wani dattijo mai fentin mota da kawu ya haɗa ni da shi. Na nuna masa hoto a waya. Bai ce komai ba sai da ya shanye kokonsa, sannan ya ce, "Yaro, ka gwada wuri ɗan kaɗan tukuna, ka fara da mai laushi. In bai ci ba, sannan ka hau sama." Ya ara mini injin gogewa mai juyawa, na sayi faifan ulu da faifan soso, da kwamfawun, wato man nan mai ɗan yashi-yashi da ke cin saman jelkot, da folish mai laushi, da samfefar ruwa.

Asabar ta biyu na yi gwajin a kusa da baya, inda ido bai cika kaiwa ba. Na ja layi uku da salatif na takarda. Na farko folish kaɗai: bai taɓuka komai ba. Na biyu kwamfawun da faifan ulu: launi ya taso, amma da sauran hazo. Na uku na fara bi da samfefa lamba 1000, sai 1500, sai 2000, duk a jiƙe, sannan kwamfawun. Wannan shi ne ya fito. Farin sama bai buƙaci samfefa ba, kwamfawun ya ishe shi. Shuɗin ne ya sha rana sosai, don launi mai duhu ya fi ɗaukar zafi kuma ya fi nuna koɗewa.

Bari in tsaya a kan samfefar, domin nan ne hannu ke koyo. Na jiƙa ta a bokiti da ɗigon sabulu, na naɗe ta a jikin guntun roba mai laushi don kada yatsu su bar rami. Da ka fara gogawa, ruwan da ke gangarowa fari ne kamar tsinkakken koko. Kana ci gaba sai ka ga ya soma komawa shuɗi, alamar ka ratsa mataccen ka isa mai rai. Nan za ka tsaya. Duk shuɗin da ya ƙara zuba ƙasa bayan wannan, kaurin jirginka ne ke tafiya, kuma ba ya dawowa. Idan ka sauya lamba, ka sauya hanyar guga, in da a kwance kake bi yanzu ka bi a tsaye, ta haka za ka gane ko zanen lambar baya ya gushe.

Injin kuwa ina sa shi a wajen juyi 1,500 a minti, ina ɗaukar fili kamar santimita 60 ta kowane gefe. Ina shafa man da faifan tukuna kafin in kunna, in ba haka ba ya watsu har fuska. Faifan ulu yana cika da busasshen mai da wuri, sai a tsaya a kakkaɓe shi.

A Asabar ta uku ne na ji wa jirgin ciwo, kuma har yanzu abin yana damuna. Akwai wani tudu da ya bi tsawon gefen jirgin. Ina gogewa kusa da shi sai na karkata injin, bakin faifan ya zauna a kan tudun na 'yan daƙiƙu. Da na ɗaga, ga wuri kamar farcen babban yatsa inda shuɗin ya ƙare, zaren ciki ya leƙo. A kan tudu da kusurwa duk nauyin injin yana taruwa a wuri guda, zafi ya tashi, jelkot ya cinye nan take. Na zauna a kan jarka na daɗe ina kallon wurin. Tun daga ranar duk wani tudu sai na rufe shi da salatif, daga baya in bi shi da tsumma a hannu.

Wani abin da ban yi lissafinsa ba shi ne hunturu. Ƙurarsa a nan Ankara ba ta kai ta Tamale ko Bolga ba, amma kafin ka gama wuri ɗaya ta sauka a na gaba, idan kuwa ta shiga ƙarƙashin faifai sai ta bar zane zagaye-zagaye da ba ka gani sai rana ta haska. Yanzu da an idar da sallar asuba nake tafiya, in yi aiki zuwa ƙarfe 9, ina share kowane wuri da jiƙaƙƙen tsumma kafin in ɗora inji, sannan in lulluɓe jirgin da tamfol.

Yau ne na sa wa gefen dama kaki, bayan folish da faifan soso. Na kanuba ne, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, kakin zuma kuwa tun a sittin da 'yan kai yake sakin jiki. A inuwa na shafa, siriri ƙwarai, na jira ya yi hazo, na ja yatsa a kai, da layin ya fito tas sai na goge. Na yi shafi biyu. Ban sa a inda ake takawa ba, don santsinsa zai iya jefa mutum a ruwa. A ranarmu da gishirin Ada ba na sa ran zai wuce wata biyu ko uku, don haka ina tunanin gwada man rufi na folima a gefen hagu in ga wanne zai fi jimawa.

Da na gama na watsa ruwa da moɗa, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Kawu ya fito daga ɗaki, ya sunkuya, ya ga hularsa a cikin shuɗin. Ya ce, "Ɗana, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Na ce amin, Kawu.

Asabar mai zuwa zan toshe tabon nan. Na samo ɗan jelkot da ruwan da ke daskarar da shi, ana ɗiga kusan kashi 2 cikin 100, a rufe da leda don in iska na taɓa shi samansa ba ya bushewa sosai. Abin da ya rage mini shi ne haɗa launi, domin sabon shuɗi ya fi na jirgin duhu. Wanda ya taɓa haɗawa a cikinku, ya faɗa mini ko da farin launi yake sassauta shi, kuma ɗigo nawa yake farawa da shi.