Darussan da na koya wajen naɗe sinadarin kurkum a ƙwayoyin nano

Abin da ke fara ruɗar ɗalibi a binciken magungunan tsirrai shi ne ganin sinadari yana kashe ƙwayoyin sankara a cikin farantin gwaji. Kurkumin, wanda ke ba kurkum launinsa na rawaya, yana yin haka. Amma a jikin mutum labari ya sha bamban: da ƙyar yake narkewa a ruwa, ɗan abin da hanji ya tsotsa kuma hanta ta sarrafa shi ta fitar nan da nan. Wannan matsala ce ta kai ni aikin ƙwayoyin nano.

Dabarar ita ce a naɗe maganin cikin wani ƙunshi na kitse ko na furotin mai girman kusan nanomita 100, alhali sai an tara nanomita miliyan ɗaya kafin a samu milimita guda. An kuma taɓa cin nasara. Maganin sankara na paclitaxel daga ɓawon bishiya aka samo shi, Amurka ta amince da shi a 1992, sannan a 2005 aka amince da Abraxane, wanda shi ɗin ne aka ɗaure da furotin albumin na jini, ba sai an narka shi a man da ke tayar wa wasu marasa lafiya da mummunan borin jini ba.

Sai dai wani nazari da masana a Jami'ar Toronto suka fitar a 2016 ya sanyaya mini jiki: a gwaje-gwajen dabbobi, matsakaicin abin da ke isa ƙarin sankara bai kai kashi 1 cikin 100 na allurar ƙwayoyin nano ba, kashi 0.7 ne. Hanta da saifa ke kwashe kaso mai yawa. Tun daga lokacin, ko wane sakamako aka kawo mini, tambayata ta farko ita ce nawa ya isa wurin.

Darasin da ya fi zauna mini a rai na garkuwar jiki ne. Sankarar fata ta melanoma ta samu sauyi da zuwan ipilimumab a 2011, da nivolumab da pembrolizumab a 2014, magungunan da ke kwance wa ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, dabaibayi su afka wa ƙari. A kan wannan fage James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018. Duk da haka, marasa lafiya da yawa ba sa amfana, sau da yawa don ƙwayoyin T ba sa samun shiga ƙarin. Fatanmu ga kurkumin shi ne ya danne furotin STAT3 da ƙari ke amfani da shi wajen kashe wa garkuwa gwiwa. Shi ya sa malamarmu ba ta yarda a gwada a ɓeran da ba shi da garkuwa, kuma dole a ware rukunin da aka yi wa allurar ƙunshin da babu magani a ciki, domin shi kansa ƙunshin yana iya motsa garkuwa.

Akwai abin da ke damuna. A wajen baƙar fata, melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, kuma irin wannan ba ta cika jin waɗannan magunguna kamar wadda rana ke jawowa ba. Har yau babu haɗin kurkumin na nano da aka amince da shi a matsayin maganin sankara, don haka idan 'yan uwa suka tambaye ni game da baƙin tabo mai girma a tafin ƙafa, asibiti nake tura su a yanki tsoka a gwada.