Godiya daga gidanmu na unguwar Nima a Accra, Ghana, bayan sadakar arba'in ɗin ƙanina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin Mma da kawunanmu da duk 'yan gida, ina miƙa godiya ga waɗanda suka tsaya mana tun ranar da aka kwantar da ƙanina a asibiti har zuwa sadakar arba'in da aka yi ranar Lahadi. Shekararsa 27. Allah Ya karɓi abinSa, mun kuma yi haƙuri.

Da ciwon sikila aka haife shi, kuma duk wanda ya yi jinyar mai sikila ya san yadda sanyin damina ke shiga ƙashi. A wannan karon likita ya ce sai an ƙara jini. Saƙo ɗaya aka tura a WhatsApp bayan sallar isha'i, kafin asuba samari daga Nima da Mamobi da Newtown sun cika barandar asibitin, wasu da rigar ƙwallo, wasu daga wurin gadi. Har da direban trotro, wato bas ɗin haya, da ya ajiye motarsa ya yi asarar lodin safe. Ga ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa kiran Mma da "Maame" tana gyara mata tabarma, Allah Ya saka mata. Ba ta jin Hausa, Mma ba ta jin Turanci, amma da ɗan Twi suka kwana suna hira.

Mun gode wa liman da malaman da suka yi masa sutura da salla, da waɗanda suka raka shi maƙabartar Awudome cikin ruwan sama, da matan layinmu da suka ɗora tukunyar tuwo da wake da shinkafa ba tare da an ce musu komai ba. Masu turo gudummawa ta MoMo, wato kuɗin waya, daga Kumasi da Tamale da Legas da Jamus, mun gani, Allah Ya mayar muku da alheri.

Yawancin ku da fenti kuka san shi, don da shi yake ci. Allon shagon aski, jikin kiyos, bayan trotro, bangon makarantar allo, ko'ina akwai hannunsa. Kowane Agusta sai ya kwashi gwangwanayensa ya tafi Jamestown wurin bikin zane-zanen titi na Chale Wote, wanda aka fara a 2011, ya dawo gida kamar an tsoma shi a marina. Da aka buɗe babban masallacin Kanda a 2021, ya yi ta zana hasumiyoyinsa huɗu daga saman gidan wani abokinsa, ya ce da la'asar ne launinsu ke fitowa. Wata mai waina ta zo gaisuwa ta ce shi ya rubuta mata allonta, da ta miƙa kuɗi ya ce, "Mma, ki biya ni da waina har na ƙoshi." Ta ce har yau bai gama karɓar bashinsa ba.

Amma ni a ganina waƙa ce ta fi cin ransa. Yana jin haushin masu cewa Hausar zango ba Hausa ba ce. Sai ya tuna musu Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, wanda ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a cikin ƙasar nan. Ya ce in dai a bakin Volta aka yi wannan, to shi ma zai yi nasa a bakin babbar kwatar Nima. Kuma ya yi. Ya yi waƙa a kan dumso, wato yawan ɗauke wuta, a kan kayayo, wato mata 'yan dako da ke kwana a kasuwar Agbogbloshie, a kan ciwon da ba ya son a tausaya masa a kai. A ƙarƙashin katifarsa muka samu littattafan, rabi da boko rabi da ajami, gefen kowane shafi da tabon fenti da zanen fuskar wani.

Ga abokansa mawaƙa da masu zane, Musulmi da Kirista, 'yan ƙabilar Ga da Asante da Ewe, da kuka zauna tare da mu har aka shafa fatiha: kun nemi izinin karanta waƙoƙinsa a taro, kawu ya amince, sai dai ban da kiɗa a ƙofar gida. Duk mai hoton bangon da ya zana ko muryarsa a waya, don Allah ya turo mana, muna so mu haɗa su wuri ɗaya kafin a shafe bangwayen.

Sannan duk wanda ke bin sa bashi, ko na sidi ɗaya ne, ko wanda ya ba shi kuɗin aiki bai gama ba, ya same ni a gida bayan magariba. Wanda ya saɓa wa kuma, muna roƙon ya yafe masa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.