Yadda kwaɗayin toho ya ɓata mini kwalabe

Da aka fara ba ni aikin rainon tsiron ayaba a cikin kwalba, na ɗauka wahalar duka a tsafta take: a fere ɗan tsiron, a kashe ƙwayoyin cuta, a dafa abincinsa a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na minti 15. Wannan ban daɗe ba na iya. Abin da ya ba ni kashi shi ne ɗan sinadarin da ake aunawa da miligiram.

Abincin da muke zubawa haɗin masana Murashige da Skoog ne na 1962: gishirin ma'adinai, bitamin, sukari giram 30 a lita, da aga mai daskarar da shi. Yana ciyar da tsiro, amma ba shi ke yanke abin da tsiron zai zama ba. Wannan aikin sinadaran girma ne, musamman gida biyu: oksin mai janyo saiwa, da saitokinin mai sa ƙwayoyin halitta su rabu, toho ya taso. Tun 1957 Skoog da Miller suka nuna a ɓargon karan taba cewa in saitokinin ya rinjaya toho ke fitowa, in oksin ya rinjaya saiwa ce, in kuwa suka yi kunnen doki sai a sami kalus, wani dunƙulen nama marar kai marar gindi. Na haddace wannan tsaf, amma sai da na yi ɓarna ya shiga kaina.

Da saitokinin ɗin da ake kira BAP, miligiram 5 a lita, kowane tsiro yana ba ni 'ya'ya kaɗan masu lafiya. Sai zuciya ta raya mini in ninka awon. Na ninka. Bayan makonni huɗu kwalabe sun cika maƙil, har na fara murna. Da na duba da kyau sai na ga toho gajeru, a cunkushe, ganyen ya sha ruwa yana ƙyalli kamar gilashi, da an taɓa sai ya karye. Na kwashe masu dama-dama na kai su abincin saiwa mai oksin ɗin da ake kira IBA, suka yi kememe. Ashe saitokinin ɗin da suka sha bai bar jikinsu ba, yana ta danne oksin. Sai da na bar su zagaye guda a abincin da ba sinadarin girma kafin wasu su miƙe su yi saiwa. Sauran na zubar.

Gawayi ma ya yaudare ni. Yankakken naman ayaba yana fitar da wani ruwa mai baƙanta abinci, sai na zuba garin gawayi ya tsotse shi. Ya tsotse kuwa, amma har da sinadaran girma, toho ya tsaya cak. Yanzu sai a matakin saiwa nake sa shi. Oksin ɗin da ake kira IAA kuma na daina dogara da shi, domin haske da zafi suna lalata shi. NAA da IBA, waɗanda su ma oksin ne, sun fi juriya.

Tsiro yana zuwa da nasa sinadarin a jikinsa, shi ya sa awon da ya karɓi wani iri yakan ƙi ɗan'uwansa. Duk sabon irin da ya zo hannuna, ina jera kwalabe daga ƙaramin awo zuwa babba, in canza abu ɗaya tak, in rubuta a littafi, in jira makonni huɗu kafin in taɓa sikeli.