Naitirojin na auna, ba furotin ba

Ranar da aka fara ba ni aikin auna furotin a busasshen ganye da garin alkama, na ɗauka akwai na'urar da zan zuba wa samfur ta faɗa min amsa. Ashe da sauran aiki. Hanyar Kjeldahl muka bi, wadda Johan Kjeldahl ɗan ƙasar Denmak ya fito da ita a 1883, kuma naitirojin take aunawa. Furotin kam, lissafi ke fitar da shi.

Na niƙa ganyen ya yi luƙui, na auna giram ɗaya, na zuba a bututun gilashi tare da asid ɗin salfiyurik mai ƙarfi, da fotasiyam salfet, da ɗan kofa salfet. Zafin da ake nema ya kai digiri 420. Garaje ya sa na ƙure wutar tun farko. Nan take abin ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, kumfa ta taso har wuyan bututun, ta bar ɓarɓashin ganye manne a can inda asid ba ya kaiwa. Bututu biyu daga samfur ɗaya, amsoshinsu suka yi hannun riga. Washegari na sake, ina ƙara wutar kaɗan-kaɗan, har ruwan ya washe ya zama kore tas.

Sauran aikin da daɗi. Ka zuba soda mai ƙuna, naitirojin ɗin samfurin ya fito a matsayin iskar amoniya, ta bi tururi ta faɗa cikin asid ɗin borik, sannan ka riƙa ɗiga wani asid ɗin ɗigo-ɗigo har launi ya juya; yawan asid ɗin da ka ɗiga shi ke nuna yawan naitirojin. Ɗigon ƙarshen nan, ko ƙiftawa ba na yi.

Inda na fi jin kunya wurin lissafi ne. Na ninka duk naitirojin ɗin da na samu da 6.25, tunda galibin furotin kashi 16 cikin 100 naitirojin ne. Shugabar ɗakin gwajin ta duba takardata ta ce, "Alkamar ma?" Ita alkama da 5.7 ake ninka ta. Naitirojin kashi 2 da na samu ya ba ni 12.5, alhali 11.4 ne.

Ganyen ma bai ƙyale ni ba. Akwai naitirojin a sinadarin da ke sa shi kore da cikin ƙwayoyin halittarsa, ba furotin ba ne, amma duk gwajin ya haɗa ya ƙirga. Shugabar ta sa na goge kan jadawalin na rubuta "ɗanyen furotin", da lambar da na ninka kowanne da ita a gefe.