Kan sarkin marubutan Lituwaniya a ɗan shagona

Sana'ata sayar da tsofaffin kan sarki ga masu tara su, yawanci ta intanet. Ina saye a dunƙule daga dillalan Turai, in tantance, in jera a kundi, in tura wa mai oda. A cikin hajata babu abin da nake wa hidima kamar kan sarkin Lituwaniya masu ɗauke da fuskokin marubuta.

Dalili kuwa, mutanen nan sun sha wuya kan rubutu. Daga 1864 zuwa 1904 gwamnatin Rasha ta hana buga littafi cikin harshensu da baƙaƙen boko. Sai aka riƙa bugawa a Gabashin Farushiya, wani yankin Jamusawa da ke maƙwabtaka da su a lokacin, masu fasa-ƙwauri suna tsallako da littattafan ta kan iyaka, wanda aka kama ya sha ɗauri ko a kai shi Sibariya. Ƙasar da ta ga haka, in ta sa marubuci a kan sarki, ba ado take yi ba. Shi ya sa ba na tura ko ɗaya sai da ɗan kati da na rubuta tarihin mai hoton.

Wanda aka fi tambaya shi ne Kristijonas Donelaitis, limamin coci da ya rubuta Metai, doguwar waƙa kan rayuwar manoma cikin yanayi huɗu na shekara. Ya rasu a 1780 bai ga an buga ta ba, sai a 1818 ta fito. An yi masa kan sarki a 2014, cikarsa shekara 300 da haihuwa. Akwai na 1997 na tunawa da littafin farko na harshen, wanda Martynas Mažvydas ya fitar a 1547. Ni dai na fi son masu kusurwa uku na 1933, inda mawaƙi Maironis da Vincas Kudirka, marubucin taken ƙasar, da marubuciya Žemaitė suka fito.

Aikin kansa na haƙuri ne. Ba a taɓa kan sarki da yatsa, sai da hantsaki. Haƙori ɗaya ya gutsure a gefe, ko danƙon baya ya taɓu, kuɗinsa ya faɗi. Da damina kuma lema ce abokiyar gabata, don tana manne su da takardar kundi. Idan akwai aibi ina faɗa wa mai saye tun kafin ya biya, in rage masa farashi, ko da kuwa bai lura ba a hoton da na tura masa.